Na Kashe Ta

Wani dare bayan an gama cin abinci, Tela yana zaune a bakin gado yana warware ɗinkin wani wando da ya matse mai shi, sai ya ji ƙashi ya karye. Kunnensa ya san wannan ƙara tun yana yaro, ranar da jaki ya take hannun ƙanensa, kuma bai taɓa ruɗa ta da ƙarar itace ko ta kujera ba. Daga ɗakin da ke jikin nasa ta fito, ɗakin Auta. Sai wani tim, tim ya biyo baya, kamar ana naushin mutum a ciki, sannan wani abu mai ruwa-ruwa ya fashe.

Tela ya zari babban almakashinsa, ya fita ba takalmi, ya banka ƙofar ɗansa.

Auta na durƙushe a kan tabarma. Ya rufe bangon ɗakin da barguna, har da na marigayiya uwarsa. A gabansa ga kabeji an farfasa, ga karan rake a karye, ga kankana da wuƙa a cake a cikinta, ga jiƙaƙƙen tawul a naɗe kamar damtsen mutum. Wani ɗan makirfo yana tsaye cikin kofin shayi.

"Kai, wa ka kashe?"

Auta ya zare abin sauraro daga kunnuwansa. "Haba Baba, ka ɓata mini ɗauka. Saura kaɗan in fasa masa kai."

"Kan wa?"

"Kan ɗan fashi." Ya nuna kankanar.

Su biyu suka rage a duniya, Tela da Auta, a ɗakuna biyu na wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Tela ya yi shekaru yana taka keken ɗinki har gwiwarsa ta fara kuka, don yaron ya yi jami'a. Da aka tambayi Auta abin da zai karanta, sai ya zaɓi wasan kwaikwayo. Mutanen gidan suka sa masa suna Farfesa. Mai Walda, wanda ɗakinsa ke kallon nasu, ba ya wuce shi sai ya ce, "Farfesa, yau wace rawa aka koya muku?"

Tun yana ƙarami bakin Auta ba na mutum ɗaya ba ne. Yana yin kukan mage har kajin tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe su watse. Yana yin ƙarar ƙofa mai tsatsa, da tsiyayar ruwa cikin bokiti. Wata rana, ba a daɗe da rasuwar uwarsa ba, ya laɓe a bayan labule ya kira Tela da muryarta, yadda take kiransa idan abinci ya sauka. Tela ya amsa, har ya miƙe. Ranar ce kaɗai ya taɓa marin yaron.

A wannan dare Auta ya yi masa bayani. A jami'a akwai ofishin da ke nema wa ɗaliban adabi da tarihi da harsuna hanyar aiki. Matar da ke ofishin ta samo masa gwaji a wani gidan rediyo mai yin wasanni. Suna neman wanda zai riƙa yi musu ƙarar abubuwa, tafiyar doki, tsawa, mari, faɗuwar mutum daga bene.

"To ka mari mutum mana a ɗauka," in ji Tela.

"Ba ya fita, Baba. Kabeji ya fi."

Tela ya kalli kabejin, ya kalli ɗansa mai digiri. Ya ce gobe sai an kai shi ya ga matar da ta zuba masa wannan a kai.

Ofishin yana ƙarƙashin matakalar bene, inda da ake ajiye tsintsiya da bokitai, don har lokacin akwai warin sabulun wanke ƙasa. Duk wanda ya hau benen sai ƙura ta zubo kan tebur. Ɗalibai suna kiran wurin ɗakin jaje, matar kuma Anti Shawara. Gajera ce, an ɗaure hannun tabaranta da zare baƙi, ɗaurin da Tela ya gani ya ji hannunsa na ƙaiƙayi.

"Baba, zauna a wannan, waccan tana cizo," ta ce, ta ture masa kujera.

"Malama, ni ban yi boko mai zurfi ba. Amma ban taka keke shekara da shekaru don ɗana ya riƙa dukan kayan miya ba."

"Ka ga wancan ginin mai gilashi?" Ta nuna ta taga. "Na masu injiniya ne. Kamfanoni da kansu suke zuwa, har da lemo. Nan ba mai zuwa sai ƙura. Ni nake yawo da ƙafata ina ƙwanƙwasa ƙofofi. Wata yarinya da ta karanta tarihi, yanzu tana zagaya da baƙi a gidan adana kayan tarihi. Wani da ya karanta falsafa yana amsa wa masu fushi waya a kamfanin sadarwa, kuma sun ce ba a taɓa samun mai haƙurinsa ba. Akwai mawaƙin da ke rubuta abin da ake bugawa a bayan kwalin biskit. Kowannensu sai na duba shi in ga abin da Allah ya sa a hannunsa. Naka a kunne da baki aka sa masa. Na daɗe a ƙarƙashin benen nan, ban ga kamarsa ba."

Tela ya gyara zama. Ba wanda ya taɓa cewa ba a ga kamar Auta ba, sai dai a wajen zagi.

Ta ce gwajin ɗaya ne, zai haɗa ƙarar wani fage inda 'yan fashi suka shiga ɗakin wata mata, ya aiko. Sannan ta zare tabaran ta dubi Tela. "Abu ɗaya nake roƙo. Ku gaya wa maƙwabtanku tun kafin ya fara. Za a ji ihu, za a ji duka. Ku tara su ku nuna musu kabejin."

"To," in ji Tela.

A hanyar gida ya tsaya ya kama hannun ɗansa. "Ko da wasa kada in ji ka faɗa wa wani a gidan nan. Mai Walda ya ji ai mun shiga uku da dariya. Na riga na ce musu labarai za ka riƙa karantawa a rediyo."

"Baba, Anti ta ce..."

"Anti ce ta haife ka? Ƙara bargo a bango."

Auta ya ƙara bargo. Kwanaki ya yi ta aiki da rana, lokacin da gidan ya watse. A kwanakin ne kuma aka shiga raɗe-raɗi a unguwa cewa wata mai sayar da kaya ta fita ba ta dawo ba. Wasu suka ce an gan ta ta shiga gidan wani saurayi. Kowa ya fara kallon ƙofar kowa. Matar Direba, maƙwabciyarsu, ta ce tana ganin Farfesa yana zubar da jan ruwa a magudana. Mai Walda ya ce shi dama masu yawan shiru ba ya yarda da su.

Ranar da abin ya faru an yi zafi, Auta ya buɗe taga. Magariba ta wuce, mutane sun dawo, kowa na ƙofar ɗakinsa yana shan iska. Tela ya dawo daga shago, ya tsuguna a famfo yana wanke ƙafa. Auta ya gama haɗa fagen, ya aro wata babbar sifika, yana so ya ji yadda abin zai fita idan ya cika ɗaki. Ya ajiye 'yar na'urar ɗaukar sauti a kan taga don ta kama amon. Ya kunna.

Ƙofa ta karye. Mace ta ƙwalla ihu, "Wayyo, ku taimake ni!" Duka ya sauka, ƙashi ya karye, ihun ya koma gurnani.

Tela ya san na'ura ce. Amma muryar da Auta ya ara don matar, muryar uwarsa ce. Tela ya daskare a tsugune, ruwa yana zuba a ƙafarsa, yana jin matarsa da ya binne da hannunsa tana neman taimako. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Da ya dawo hayyacinsa, ihun ya tsaya, maza sun riga sun cika ƙofar Auta. Mai Walda ne a gaba da guntun rodi, Direba na bayansa da abin kwance taya, wasu ma daga titi suka shigo.

Suka tura ƙofar. Auta na tsaye, rigarsa jage-jage da jan ruwan kankana, wuƙa a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ina take?" in ji Mai Walda.

Auta ya ɗauka ƙarar ce ta dame su. Ya haɗa hannuwa, ya ɗan rusuna, da ladabin da ubansa ya koya masa. "Ku yi haƙuri, Kawu. Na kashe ta."

"Ka kashe ta?"

"Wallahi yanzun nan na kashe ta. Ba zan sake kun..."

Rodin ya same shi a gefen kai, a kan kunnen hagu. Ƙarar ba ta da girma, wani ɗan tas ne kawai, kamar an ajiye kofi a kan tebur. Auta ya zube.

"Sifika yake nufi!" Tela ya yi ihu. "Sifika ya kashe! Jama'a, sifika!"

Ba wanda ya ji. Sun ja Auta ta ƙafa zuwa tsakar gida, kansa yana bugun dokin ƙofa. Direba ya sauke masa ƙarfe a haƙarƙari. Wani da Tela bai taɓa gani ba ya ɗauko bulo. Matar Direba, wadda Auta ke ɗaukar wa bokiti, tana dukansa da taɓarya tana cewa, "Matsafi! Ina ka ɓoye ta?" Auta ya ɗora hannuwa a kansa, wani ya take yatsun da takalmi ya murza. Tela ya faɗa kan ɗansa don ya tare, aka fizge shi ta wuyan riga, gwiwar hannun wani ta same shi a baki, ya ji haƙorinsa a kan harshe. Ya tofar. Wani yana kiran a kawo fetur.

Sai Tela ya daina roƙo. Ya rarrafa ta tsakanin ƙafafu, ana taka masa baya, ya shiga ɗakin. Wasu samari suna ciki sun kifar da katifa, suna yaga barguna daga bango suna neman gawa. Ya ga sifikar a kusurwa. Ya taɓa ganin inda Auta ke dannawa. Ya danna, ya murɗa abin ƙara har ƙarshe.

Ƙofa ta karye. Mace ta ƙwalla ihu, "Wayyo, ku taimake ni!"

Samarin suka yi tsalle waje, ɗaya ya bugi ƙofa da goshi. A tsakar gida hannuwa suka tsaya a sama. Tela ya fito rungume da sifikar, igiyarta na jan ƙasa, jini na bin haɓarsa, matarsa tana ihu a ƙirjinsa. Ya ajiye ta kusa da kan Auta. Suka tsaya suna ji har ƙashin ya karye, har gurnanin ya ƙare. Mai bulo ya ajiye bulonsa a hankali ya fice. Kafin a samo mota, tsakar gidan ba kowa sai tsohuwa mai kaji, wadda ba ta gani sosai, tana tambayar me aka yi.

A asibiti likita ya ce haƙarƙari zai haɗe, yatsu ma za su haɗe ko da a karkace. Kunnen hagu kuwa ya tafi. Da Auta ya farfaɗo, Tela ya zauna ta hagunsa yana ta magana, yana ba shi haƙuri, yaron yana kallon silin bai san ana yi ba. Sai da Tela ya zagayo ta dama.

"Baba, na'urar tana kan taga," in ji Auta, bakinsa a kumbure. "Kai wa Anti. Gobe suke rufe karɓar gwajin."

Tela ya kai. Anti Shawara ta ga fuskarsa, ta ji labari, ba ta ce ai na gaya muku ba. Ta dai cire tabaranta ta daɗe tana goge shi. Ita ba ta iya yanke sauti ba, shi ma haka, sai ta aika da duk abin da ke cikin na'urar yadda yake. Ba wanda ya lura cewa na'urar ba ta daina ɗauka ba a daren nan, ga ta kuma a bakin taga a buɗe.

Bayan kwana biyu ta aika a kira Tela. Mai shirin rediyon ne zai bugo waya, ta ce gara ya ji da kunnensa. Ta ajiye wayar a tebur ta buɗe murya. Mutumin yana cin wani abu yana magana.

"Malama, yaron nan naki gwani ne. Kashin farko, inda aka karya wa matar hannu, wallahi sai da na dafe nawa hannun. Ita matar ma a ina ya samo ta?"

"Shi ne," in ji Anti.

"Kai! To amma kashi na biyu, na taron jama'a, nan ya yi sakaci. Dukan ba shi da nauyi, tas, tas, kamar ana kakkaɓe tabarma. Ba mai sauraron da zai yarda mutum ake duka. Sai wani tsoho da ya sa yana ta ihun sifika, sifika. Wannan tsohon bai iya kuka ba sam, ya cika yi da yawa. A cire shi."

Tela ya sa harshe a gurbin haƙorinsa. Anti Shawara ta ɗauki abin huda takarda da ke gabanta, ta wurga shi da bango da dukkan ƙarfinta, har fenti ya zubo.

"Me ya faɗi?" in ji mai shirin.

"Ƙura ce. Ranka ya daɗe, yaron ya yi hatsari, kunnensa ɗaya ya mutu. Ina gaya maka tun yanzu."

Aka ji mutumin ya haɗiye abin da yake taunawa. "Masu sauraronmu ma da 'yar rediyo mai baki ɗaya suke ji. In ya warke ya zo."

Da aka kashe wayar, Tela ya miƙa hannu ya ce ta ba shi tabaranta. Ya ciro zare da allura daga hularsa, ya warware ɗaurin nan, ya sake shi yadda ya kamata. Ɗaurin ya zauna.

Ranar da aka sallamo Auta, Tela ya kwantar da shi, ya fita kasuwa. Ya dawo da yamma, lokacin da kowa ke ƙofar ɗakinsa. Tun ranar da abin ya faru ba mai haɗa ido da shi. Mai Walda ya kwana biyu a hannun 'yan sanda ya dawo, yana zaune a kan benci yana shan shayi. Tela ya nufe shi kai tsaye, buhu a hannun hagu, babban almakashi a dama, a buɗe.

Mai Walda ya miƙe, kofin ya faɗi. Bayansa bango ne. "Baba Tela, don girman Allah. Shi ya ce ya kashe ta. Kowa ya ji."

Tela ya tsaya dab da shi, har yana ganin jijiyar wuyansa tana bugawa. Ya san inda almakashin zai shiga, shi da ya yi shekaru yana auna wuyan mutane. Matar Direba ta toshe bakinta.

Ya zazzage buhun a kan bencin. Kabeji ya gangaro, da rake, da kankana. Ya ɗaga almakashin ya caka wa kankanar, ya zare, ya sake cakawa, jan ruwa ya fantsama a rigar Mai Walda. Ya dunƙule hannu ya naushi kabejin har fatar yatsunsa ta sale. Ya ɗauki raken ya karya shi a gwiwa, a saitin kunnen Mai Walda na hagu. Mutumin ya yi ƙara ya dafe kunnen, ya sulale ƙasa.

Tela ya juya ya dubi tsakar gidan, yana haki.

"Ƙarya na yi muku. Ɗana ba labarai zai karanta ba. Wannan ne aikinsa, dukan kabeji a gidan rediyo. Jami'a ce ta samo masa, kuma sun ɗauke shi. Gobe za ku ji ihu daga ɗakin can, jibi ma za ku ji. Wanda ke da abin dariya ya yi yanzu ina tsaye."

Ba wanda ya yi. Auta ya fito bakin ƙofa, kansa a naɗe, ya juyo da kunnen dama don ya ji abin da ake cewa. Kajin tsohuwa suka zo suna tsattsagar 'ya'yan kankana a ƙasa. Ita ma ta taso da sandarta, tana laluben hanya, ta tsaya kusa da Tela.

"Sannu, Tela. An ce yaro ya dawo, Allah ya ƙara sauƙi." Ta gyara tsayuwa, ta karkata kai. "Ni kuwa ita baiwar Allahn nan da ta yi ta ihu ran nan, muryarta kamar na san ta. Akwai wanda ya je ya dubo ta kuwa?"